Karatun 'Yan Biyun Inna Hajo

"To, ai magana ta ƙare, sai ku koma tare," in ji Inna Hajo, ko ɗago kai ba ta yi ba daga shinkafar da take tsinta a faifai. "Duk inda suka ce ke ki koma, can ita ma za ta."

"Inna, ba haka ake yi ba fa," Huseina ta ce. "Ni kaɗai aka ce in bar sashen. Hassana ba ta faɗi ko kwas ɗaya ba. Malamai har misali suke yi da ita."

"Su yi ta yi. Su suka haifa mini ku?"

Huseina ta juya ta dubi 'yar'uwarta, ko za ta ce wani abu. Hassana na zaune a bakin rijiya, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, irin wanda ke jikin Huseina, launi ɗaya, tela ɗaya. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce ita ba komai, duk yadda Inna ta ce haka za a yi. Wannan "ba komai" ɗin ya fi yi wa Huseina ciwo a kan sunanta da ta gani a allon sanarwa na jami'a, cikin waɗanda aka ce su bar karatun famasi su nemi wani sashen.

A Anguwar Kaura, cikin birnin Zazzau, babu wanda bai san 'yan biyun Inna Hajo ba, matar Malam Ɗahiru mai hatsi. Kowa ya san ba a fifita ɗan biyu a kan ɗan'uwansa. In za ka ba ɗaya alewa, sai ka nemo ta ɗayan. A yawancin gidaje abin yakan tsaya a kayan sallah da 'yan kunne, yara na girma ana mantawa. A gidan Inna Hajo bai tsaya ba, kuma tana da dalilinta. Suna jarirai wata gwaggonsu ta zo daga ƙauye da awarwaro guda ɗaya tak, ta zura shi a hannun Hassana. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama Huseina, ta sanƙare a hannun uwarta, idanunta suka kafe. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne. Tsofaffin gida suka ce fushi ta yi, komawa za ta yi inda ta fito. Inna ta ji likita da kunne, ta ji tsofaffi da zuciya. Ranar da aka sallamo su daga asibiti ta cire awarwaron ta wurga a masai, ta kuma yi wa kanta alkawarin da ba ta taɓa karyawa ba.

Takalmi iri ɗaya, kitso iri ɗaya, allo iri ɗaya, aji ɗaya tun daga firamare. In aka mari ɗaya saboda laifi, sai an ɗan taɓa kumatun ɗayar, ko da wasa. Yayansu Sagiru yakan ce ranar da haƙorin Hassana ya yi ciwo, Huseina ta shirya, ita ma sai an cire nata. Gida ya yi ta dariya, har da Huseina, don a lokacin abin daɗi yake yi mata. Wa zai ƙi a ce tun da ya zo duniya bai taɓa zama shi kaɗai ba?

Da lokacin neman jami'a ya zo, Hassana ta san abin da take so. Tun tana ƙarama take tara kwalayen magani tana karanta 'yan rubutun da ke jikinsu, yadda wasu yaran ke tara bawon alewa. Famasi ta ce, ilimin haɗa magunguna. Sagiru ne ya kai su shagon da ake cike neman gurbi a kwamfuta, kuma Inna ta riga ta ja masa kunne tun daga zaure. Da mai shagon ya gama da Hassana ya tambayi abin da za a sa wa ta biyun, Sagiru ya ce a maimaita kawai. Ba wanda ya tambayi Huseina, ita ma ba ta ga abin tambaya ba. Hassana ta yi ta ɗora mata karatu har ta tsallake jarrabawar da ƙyar, aka yi walima, aka soya kaji, Inna ta yi kukan murna.

Daga nan ne hanya ta fara yi wa Huseina tsawo. Sunayen sinadarai suka zame mata kamar tsakuwa a cikin tuwo. Takan karanta shafi har idanunta su yi ja, ta rufe littafi ta nemi abin da ta karanta ta rasa, kamar wadda ta ɗebi ruwa da rariya. A ɗakin gwaje-gwaje kullum sai hannunta ya yi kuskure, na Hassana kuwa kamar a can aka haife shi. Kowane zango sai ta bar kwas a baya, na bana ya hau kan na bara, har kayan suka fi ƙarfin wuyanta. Ba ta taɓa yin kuka a gaban Hassana ba. Bayan masallacin mata na makaranta akwai wata bishiyar dalbejiya, ita ta san hawayenta.

Bayan fitowar sakamako aka tura waɗanda suka faɗi ofishin ba ɗalibai shawara. Malama Jummai, wata mace mai furfura a goshi da tabarau a kan hanci, ta zaunar da Huseina, ta ba ta ruwa, ta bar ta ta huce. Ba ta yi mata faɗa ba, ba ta kuma lallashe ta da ƙarya ba. Ta ce mata faɗuwa a sashe ɗaya ba faɗuwa ce a rayuwa ba, amma zaɓen sana'a ba a yin sa da idon wani. Mutum yakan duba abin da yake iyawa, da abin da ransa ke so, da abin da jama'a ke bukata, ya nemi inda suka haɗu. Sannan ta cire tabarau ta tambaye ta, in ta rufe ido ta hango kanta nan da wasu shekaru ta fito da safe za ta wurin aiki, ina take ganin za ta?

Huseina ta rufe ido da gaske. Abin da ta gani bayan Hassana ne, hijabinta na kaɗawa a cikin lungu, ita kuma tana biye. Ta buɗe ido ta ce ba ta sani ba, kuma sai a lokacin ta fashe da kuka, don ta gane shekarunta ashirin da wani abu ba ta taɓa yi wa kanta ko mafarki ɗaya ba.

Malama Jummai ta ce ta tambayi malamansu, kuma duk abu ɗaya suka faɗa: a rubuce yarinyar ba ta kai ba, amma in aka tsayar da ita gaban aji ta yi bayani, har na kujerar baya yakan daina danna waya. Ta ce akwai gurbi a sashen koyon aikin malanta, fannin kimiyya, kuma makinta zai kai ta, sai dai za ta koma baya da aji. Ta je ta yi shawara da gida, ta dawo ranar Litinin.

Shawarar da gida ya yanke ke nan yau a kan faifan shinkafa: su koma tare. Wato Hassana, wadda saura kaɗan ta fara zuwa asibiti koyon aiki, ta ajiye famasi ta bi 'yar'uwarta.

Washegari da hantsi Huseina ta shiga ɗaki ta tarar Hassana ta wanke farar rigarta ta ɗakin gwaje-gwaje, ta goge, tana ninkewa a hankali kamar mai naɗe likkafani. Hassana ta ce za ta kai wa Binta, wata 'yar ajin ƙasa da su da ke unguwar Gyallesu, tunda ita ba ta da kuɗin ɗinka sabuwa. Ta faɗi haka tana murmushi, amma sau uku tana warware ninkin tana sakewa, wai hannun bai daidaita ba. Huseina ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga, ta kasa fita.

Da azahar Inna ta aike su kai wa Baba abinci kasuwa. An yi ruwa da safe, lunguna duk taɓo, katangun ƙasa sun jiƙe sun yi duhu suna ƙamshi. Suna wucewa ta ƙofar gidan Gwaggo Sa'adatu, wata tsohuwa maƙwabciyarsu, sai ta ƙwala musu kira daga zaure.

"'Yan biyu kyautar Allah, wace ce likitar a cikinku? Kullum sai kun rikita ni."

"Gwaggo, duk wadda kika ba goro ita ce," in ji Huseina.

"Ja'ira. To ke ce marar kunyar, waccan ce likitar. Zo nan, 'yar nan, duba mini. Jiri ke ɗibata kwanan nan."

Tsohuwar ta zazzage wata baƙar leda a kan tabarma, magunguna suka watse, na asibiti da na kemis duk a haɗe. Hassana ta durƙusa. Huseina ta sha ganin ta tana karatu, amma yau sai ta tsaya ta kalle ta kamar baƙuwa. Ta ga yadda yatsunta ke rarrabe ƙwayoyin ba gaggawa, yadda ta ɗaga wani kwali ta duba bayansa, ta ɗauko wani ta haɗa su, girarta ta tattare. Fuskar nan da ta kwana biyu a mace ta farfaɗo, wani haske ya sauko mata wanda Huseina ba ta taɓa gani a madubi ba, duk da fuskar tasu ɗaya ce. Hassana ta matso ta raɗa mata cewa waɗannan biyun maganin hawan jini ne iri ɗaya, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, kuma tsohuwar tana haɗa su ta sha; dole ta ajiye ɗaya, gobe a mai da ita asibiti a auna ta.

Kamar kullum, Huseina ce ta juya ta yi wa Gwaggo bayanin da babbar murya, dalla-dalla, har ta sa jikar tsohuwar ta ɗaure ɗayan maganin a ƙyalle ta ɓoye. Gwaggo ta yi ta sa musu albarka, ta ce Allah Ya nuna mata ranar da za a buɗe musu kemis a bakin titin unguwar Babban Dodo, ta zo ta sha magani kyauta.

Suka kama hanya, suka yi nisa a cikin lungu. Inda hanya ta matse, babur ya taho, suka manne da katanga har ya wuce. A nan Huseina ta riƙo hannun 'yar'uwarta.

"Hassana, dubi idona. Da gaske ba komai?"

Hassana ta dube ta. Sannan ta ce, a hankali, "In na koma ni kaɗai, wa zai yi mini magana?"

"Kamar yaya?"

"Kin san ni. Ko sunana malami ya kira sai in kasa amsawa. Ke kike tambaya a aji, ke kike zuwa ofis, ke kike ciniki da mai Napep. A asibiti marasa lafiya za a ba ni in yi musu bayani, Huseina. Yanzu ma da ba kya nan, da sai dai in bar Gwaggo da ledarta." Ta share ido da gefen hijabi. "Da Inna ta ce mu koma tare, wallahi rabin zuciyata mutuwa ya yi, rabin kuma ya ji sanyi."

Huseina ta ji kamar an zare mata wani abu daga ƙirji. Duk shekarun nan tana ganin ita ce kayan da Hassana ke ɗauke da shi, ashe ita ma ana jingine da ita. Mutum ɗaya aka raba musu, ɗaya ta ɗauki kai, ɗaya ta ɗauki baki, aka ce su yi ta tafiya a haka. Ta so ta rungume ta a nan cikin taɓo ta ce shi ke nan, su koma taren, su tsufa tare, wa ya damu da farar riga. Son da take yi wa Hassana ba irin wanda ake bayani ba ne. Tun kafin ta san sunanta ta san numfashinta. Amma hasken nan da ta gani a zauren Gwaggo ya tsaya mata a ido, ya ƙi gushewa. Ta san in aka kashe shi, ita za a ce an kashe wa, kuma kowace safiya za ta riƙa ganin wurin da yake a fuskar da ke kusa da tata.

A rumfarsa, tsakanin buhunan dawa da masara, Baba ya saurare su yana wanke hannu. Huseina ta roƙe shi ya sa baki. Malam Ɗahiru mutum ne mai sanyi, ya ce shi tun ranar da ya ga uwarsu ta fito daga asibiti ba takalmi a ƙafarta, ba ta ma san ta bar shi ba, ya bar mata maganar 'yan biyu. Bai ga yadda zai karɓe ta yanzu da tsufa ba. Amma ya ce su ba yara ba ne. Duk wadda ke da magana ta faɗe ta da bakinta ranar Juma'a in an taru, shi zai ji, kuma abin da ya ji zai tsaya a kai.

Kwanakin da suka rage Huseina ta yi su kamar mai zazzaɓi. Ta yi ta kallon Inna: yadda take zuba musu abinci a kwano ɗaya, yadda in ta kira ɗaya sai ta haɗa da sunan ɗayar. Ba mugunta a cikin matar nan ko ƙwayar gero. Tsoro ne kawai ya tsufa a jikinta har ya zama kamar ƙashi. Ta yaya za ka ce wa uwa abin da ta yi shekaru tana kare ka da shi, shi ne ke cin ka?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gida ya cika da ƙamshin dambu. Baba na kan tabarma a inuwar rumfa, Sagiru ya zo da matarsa, ana ci ana hira. Sagiru ya ce ya ji labari gidan zai samu malaman makaranta har biyu, to shi dai a rage wa 'ya'yansa kuɗin lesin. Ba wanda ya yi dariya sai matarsa, ita ma ta katse. Inna ta ce ranar Litinin da wuri za su fita, ya zo ya raka su, a yi abin da za a yi a gama, hankalinta ya kwanta.

"Inna," Huseina ta ce, "ina da magana."

"Ci abincinki."

"Na ƙoshi. Inna, don Allah ki bar Hassana ta yi karatunta."

Inna Hajo ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratarwa. "Ke ba ki san komai ba. Ni na riƙe ki kina sanƙarewa. Ni na ga idonki ya juye, ina kiran sunanki ba kya ji. A kan awarwaro, Huseina, abin da bai kai ya kawo ba. Yanzu ki ce in tsaya ina kallo a ba ta abin da aka hana ki? In wani abu ya same ki, in ce wa Allah me?"

"Ba hana ni aka yi ba, Inna. Ba nawa ba ne." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kina tsoron in yi ciwo in an raba mu. Ai na yi ciwon. Tun da muka shiga ajin nan nake yin sa, kullum, a gefenta, da kaya iri ɗaya da nata, shi ya sa ba ki gani ba. Ban yi fushi don ta fi ni ba, wallahi ban taɓa yi ba. Amma in kika cire ta saboda ni, wannan ne ba zan warke daga shi ba."

Inna ta dubi Baba, Baba ya dubi tabarma. Hassana ta matso ta kama gefen zanen Huseina, yadda take yi tun suna yara in baƙo ya shigo, tana girgiza kai, leɓunanta na motsi ba sauti. Huseina ta ji ɗumin hannun a cinyarta. Ta san gobe da jibi Hassana za ta tsaya gaban baƙi muryarta ta maƙale, ta waiga ba kowa. Ta san ita ma za ta shiga ajin da ba ta san kowa ba, cikin yaran da ta girma, ta zauna a benci gefenta fayau, ba ta ma da tabbacin malantar za ta karɓe ta. Ta san Inna ba za ta yi barcin kirki ba na tsawon lokaci, duk tarin da Huseina ta yi sai Inna ta taso ta taɓa goshinta.

Ta sa hannu ta ɓamɓare yatsun Hassana daga zanenta, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta riƙe su a tafinta. Sannan ta juya wajen mahaifinta.

"Baba, ka ce abin da ka ji za ka tsaya a kai. To ka ji. Ranar Litinin ni kaɗai zan je in canza sashe. Hassana za ta koma ajinta ta ƙarasa famasi. In kuwa aka sa ta biyo ni, na bar jami'a ke nan, ba zan ƙara taka ta ba."